Wata Biyu Tabilet ɗin Inna Tabawa Tana Shiru

Ƙarfe biyar da kwata na bar gida a Damagaram, da odinata, wato kwamfutar aikina, a jaka da haushi a ciki. Wata ƙungiya ce ta ba ni aikin manhajar da ke tuna wa masu kiwon lafiya na ƙauye yaran da ranar rigakafinsu ta zo. Ko'ina tana aiki sai hannun wata ungozoma, Inna Tabawa, a wani ƙauye gabas da Mallawa. Wata biyu tana cewa ba sunan yaro ko ɗaya da ke fitowa. Sau biyu aka kawo tabilet ɗinta Magariya, aka kunna, sunaye suka fito reras. Majo, shugaban likitar yankin, ya ce ƙarya take, ranar Litinin zai karɓe aikin daga hannunta. Ni ma, Allah ya yafe mini, haka na ɗauka.

Bande da Magariya

Jaka biyu da rabi na biya, mu tara a motar mutum bakwai. Jandarmomi suka duba karte, wato katin shaida, sau biyu. A Bande, wajen takwas saura, na sha kunu da ƙosai na dala talatin. Tara da minti goma muka sauka Magariya, na jira motar Dungas har azahar. A Dungas na kwana gidan wani ɗan'uwan babana, aka cika ni da tuwon gero da miyar kuka.

Hanyar Mallawa

Ƙarfe shida da rabi na hau kabu-kabu. Yashi ne zalla, sau uku ina sauka muna turawa. Mun wuce Mallawa kaɗan wayata ta yi ƙara, saƙo ne wai barka da zuwa Najeriya.

"Malam, ka ƙetare da ni iyaka ne?"

Mai babur ya kwashe da dariya. "Haba, ɗan birni! Ƙafarka na Nijar. Rezon wayar can ne ya fi ƙarfi, nan kowa shi yake kamawa."

Nan take na gane inda matsalar take.

Bari in yi bayani. Manhajar tana da uwa, wato tarin umarnin da komai ke tsaye a kansa, da ƙananan sassa da ake jona mata, muna ce musu modul: na harshe, na taswira, na jadawalin rigakafi. In an kunna, uwar ce ke ɗauko su. Ni da kaina na saita ta ta duba rezo ta gane ƙasar da take, sannan ta ɗauko jadawalin ƙasar. In ba ta same shi ba, ta wuce shiru. Ranar da na rubuta wannan har yaba wa kaina na yi. Jadawalin Nijar kaɗai muka sa a ciki, tabilet ɗin Inna kuwa a ƙauyensu rezon Najeriya take kamawa.

Gidan Inna Tabawa

Tara da rabi na same ta tana shanya wake, dattijuwa siririya mai kaifin ido. Ta kawo fura, ta ajiye tabilet ɗin a gabana.

"Kai ne mai abin? To kunna, ɗana. Ni na gaji da rantsuwa."

Na kunna, fayau, ba suna ko ɗaya. Na buɗe fayil ɗin saiti, na kashe zaɓin kai-tsaye, na rubuta sunayen modul ukun ɗaya bayan ɗaya yadda za a ɗauko su ko wane rezo aka kama. Na ƙara layi guda: in ɗaya ya ɓace, manhajar ta tsaya ta faɗa da jan rubutu. Minti shida. Na sake kunnawa, sunaye suka zubo.

Ta sa na karanta mata. Kusan kowane suna na kira sai ta ce an yi masa rigakafin. Ashe wata biyun nan da ƙafa take bin gidaje, tana lissafi daga ranar sunan kowane yaro. Biyu kawai suka kuɓuce mata, 'ya'yan wata rugar Fulani.

"Inna, laifina ne. Ki yafe mini."

"Na yafe. Amma ba a ɗaki aka ce na yi ƙarya ba, gaban matan gari aka faɗa, ranar awon jarirai."

Niyyata in juya a ranar, sai na ƙara kwana. Washegari ranar awon jarirai ce, mata cike da rumfa, majo na zaune. Na tashi na ce Inna ba ta yi ƙarya ba, ni na yi kuskure a ofis ban taɓa taka ƙauyensu ba. Majo ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Inna, a yi haƙuri." Inna ta ɗauki mayafi ta ce wa zai kai ta rugar.

Komawa

Ta Magariya na biyo, na iso gida bayan la'asar ranar Asabar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da mai babur da ya yi mini dariya. Na gode wa Inna Tabawa, wadda ta yi wata biyu tana yin aikin manhajata da ƙafarta, ni kuwa ina zaune ƙarƙashin fanka ina ce mata maƙaryaciya a zuciyata.