Malama Kajiura, Mai Ɗorin Waɗanda Jarumi Ya Doka

Ƙarfe shida na safe take ture ƙofar shagonta, ta yayyafa ruwa a bakin titi, ta ɗora tukunya. Kafin ruwan ya tafasa ta jera tsinkayen gora da ƙyallen ɗauri a kan tebur, ta ci curin shinkafa ɗaya a tsaye. Shekara hamsin da biyu Malama Kajiura Fumie tana haka a lungunmu da ke yammacin birnin Kyoto na Japan. Ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, tana da shekara saba'in da tara, kuma ba jaridar da ta ɗauka. Shi ya sa na ce bari ni in rubuta, da hannun da ita ta ɗora har sau uku.

Ni ɗan wasan fim ne, amma kada ku wahalar da kanku neman sunana. A finafinan karate da 'yan daba na shekarun 1970, idan jarumi ya shiga gidan caca mutum goma suka taso masa, ni ne na huɗu daga hagu. Aikinmu a doke mu, mu fasa taga, mu gangaro daga bene. Ba igiya, ba katifar kirki, sai kwalaye. Daga filin ɗaukar fim zuwa shagon Malama tafiyar minti bakwai ce, idan ƙafafunka biyu na aiki.

Duk Lahadi sai ta je silima ita da mijinta, wai tana so ta ga yadda aka yi muka karye. Ranar Litinin kuwa mun shiga uku, don tana murza maka kafaɗa tana yi wa fim ɗin tankaɗe da rairaya.

"Kai Shibuki," ta taɓa ce mini, "wai marubucinku labari ɗaya ya iya? An kashe malamin jarumi, jarumi ya fusata, ya tuɓe riga. Ku kuma kuna goma, kun tsaya layi kamar masu jiran jirgin ƙasa. Me ya hana ku far masa gaba ɗaya?"

"Malama, da mun yi haka, minti biyar fim ya ƙare."

"Da an huta! Ga jininku kamar fentin ƙofa. Matan ciki kuma ba su da sana'a sai kuka da zuba giya. Ɗaga hannun."

Amma kada baƙo ya kuskura ya zagi finafinan nan a gabanta. Wani malamin jami'a da ya zo da targaɗe ya ce ai shara ce. Ta ce masa, "Sharar nan, duk faɗuwar da ka gani faɗuwa ce ta gaske. Ka je ka tsaya a ƙofar silima ka ga leburorin masaƙa. Suna shiga a sunkuye, suna fitowa ƙirji a buɗe, don sun ga an mari wani mai kuɗi. Kai wa ka taɓa miƙe wa baya?" Ko an rufe mana fuska da baƙin ƙyalle, daga yadda mutum ya faɗi take gane shi. Sai ta zunguri mijinta a cikin duhu: "Ga Hozumi can, har yanzu yana kare gwiwar hagu."

Abin da ya sa har gobe muke sunkuya mata ya faru ne a bazarar 1975. Abokinmu Nagumo ya diro daga rufin wani sito, ya kauce wa kwalaye, haƙarƙari biyu suka tafi. Da aka duba, ashe na'urar ɗauka ta sarƙe, ba a samu hoton ba. Washegari Darakta Akune ya aiko a ce wa Malama ta ɗaure shi tamau, zai sake dirowa da la'asar. Nagumo kansa ya yarda, don matarsa na da tsohon ciki, kuma a wurinmu wanda ya ce ba zai iya ba, ba a sake kiransa.

Malama ta ce ƙashin na dab da huhu, in ya sake buguwa sai gawa. Aka ce mata idan ta hana, kamfani ya daina aiko mata da kowa. A lokacin shekararta biyar da gadon shagon daga mahaifinta, kuma mu ne kusan duk majinyatanta.

Ina wurin, ido ya gani. Nagumo na kan rufi, fuska ta yi fari fat, sai ga Malama ta shigo da rigar aikinta da takalmin katako. Ba ta gai da kowa ba. Ta hau kan kwalayen da zai faɗo a kai, ta naɗe ƙafa, ta zauna.

"Wa ya bar matar nan ta shigo?" in ji Akune. "Ke, rana na faɗuwa!"

"Ta faɗi mana, ita ba ta da haƙarƙari. Ranka ya daɗe, in yaron nan zai diro, a kaina zai diro."

"A ɗauke ta!"

Mu goma sha biyu ne a tsaye, duk ƙarti, duk da zanen dodanni na bogi a baya. Ba wanda ya motsa. Wa zai taɓa matar da gobe wuyansa ke hannunta? Ta yi zamanta har rana ta faɗi, aka sauko da Nagumo ta tsani. Bayan kwana biyu aka jefo mutum-mutumin tsumma a madadinsa. Wanda ya kalli fim ɗin ya san ba a ɓoye ba, ƙafafun suna lilo kamar na wando a igiyar shanya. Ni dai ban taɓa ganin mummunan hoto mai kyau irinsa ba.

Kamfani ya cika alkawari, wata huɗu ba a aiko mata da kowa ba. Mu dai ta ƙofar baya muke shiga. Ana nan, ran nan Akune ya taka jinin bogi, santsi ya kwashe shi, wuyan hannu ya goce. Ya zo yana ta sunne kai. Ta gyara shi tsaf, ta ɗaure, ta ba shi shayi. Sai da ya kai ƙofa ta ce, "Darakta, an ce ba a ɗauki hoton faɗuwar taka ba. Gobe da la'asar sai ka sake."

Ba kowa ta iya cetowa ba, kuma ba ta yarda a manta da haka. Wani abokin aikinmu, Torigoe, ya karya gadon baya a wani fim da ko sunansa ba a rubuta a ƙarshe ba. Shekara arba'in da ɗoriya, duk Alhamis sai ta hau keke ta je ta murza masa ƙafafu. Takan ce wannan ne babban aibin finafinan, ba jinin fenti ba: sun ci jikin mutane sun bar su.

Malama, ke ce kika san sunan kowa a cikinmu lokacin da allo bai sani ba. Ke ce mai ɗaure ƙashi da gora, ki kwance girman kai da baki. Nagumo yana da jikoki bakwai yanzu, ya ce in gaya miki ƙaramar ta fara tafiya. Mun gode, Allah ya ƙara miki lafiya. Masu tasowa a wannan sana'a, da ma kowace, ku koyi ɗori a wurin wanda kuka ga dama, amma ku koyi cewa a'a a wurin wannan baiwar Allah.

Ranar da ta rufe shago, mu goma sha huɗu da muka rage muka sa kwat, muka jeru a bakin titi, muka sunkuya mata gaba ɗaya. Sha ɗaya muka miƙe. Uku suka maƙale a sunkuye, suna nishi. Ta dube su, ta dubi makullin da ke hannunta, ta fara naɗe hannun riga.

"Tsofaffin banza," ta ce. "Ku shigo da su ɗaya bayan ɗaya, ai kun iya layi."