Ruwan da Ya Hau a Takarda

Shekarar da na gama karatun injiniya, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni aiki a Haɗeja, muna lissafin jingar da za a yi a bakin kogi. Aikina bai da wahala. Kowace safiya akwai mai karanta ma'aunin ruwa a gindin gada, ya turo min lamba, in zuba ta a manhajar lissafi, ita kuma ta zana min layi. Kwanaki suna kwance a ƙasan shafi, zurfin ruwa yana tsaye a gefe. Shekara biyar na yi a jami'a kafin a ba ni wannan, kuma ina ji da kaina.

Wata Juma'a a ƙarshen damina na buga zanen makon a takarda. Layin ya tashi daga wannan kusurwa ya haura har waccan, kamar an jingina tsani. Ya burge ni, na sa a jaka na tafi gaida Baffa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, manomin shinkafa a fadama. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka uwata yake ce min. Shinkafarsa ta fitar da kai, saura kamar mako biyu ta ƙosa, kuma da ita gidansa ke ci har wata damina. Sau biyu ambaliya ta taɓa cinye masa ita ana gab da yanka. Yana da nasa ma'aunin, wata sanda da ya kafa a bakin ruwa ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa.

Ba wanda ya tambaye ni, na fito da takardar na ce ruwa ne yake hawa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce shi dai sandarsa ba ta nuna masa haka ba. Na ce ai sanda ba ta je jami'a ba. Matan gida suka yi dariya, shi ma ya yi. Ya roƙi in bar masa takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu. Na koma gida ina jin daɗi.

Ranar Litinin babban injiniyanmu, wani dattijo ɗan Malam Madori da ba ya ɓarnar magana, ya tsaya a kaina. Bai kalli layin ba. Ya ɗora bakin biro a kan lambobin gefe, ya ce in karanta ta ƙasa, in karanta ta sama, in debe. Na debe. Abin da ruwan ya ƙaru a mako guda bai kai faɗin tafin hannu ba.

Ashe manhajar ba ta son barin fili a shafi. In ba ka gaya mata inda ma'aunin gefe zai fara da inda zai tsaya ba, sai ta sa ƙaramar lambarka a ƙasa, babbar a sama, ta miƙe abin da ke tsakani har ya cika takarda. An koya mana wannan a jami'a, kuma ina cikin ajin. Dattijon ya nuna min akwati biyu a manhajar da na bari babu komai. Na rubuta gindin kogi a ɗaya, saman jinga a ɗayan. Layin ya kwanta ya miƙe ƙafa. Ya tambaye ni ko wani a waje ya ga na farkon. Na ce a'a.

Na tari mai babur zuwa fadama. Tun daga nesa na ga gonar ta yi aski. Asabar da Lahadi Baffa ya tara gayya an yanke ta tas, ga dammuna nan kore shar a jere. Gonaki uku na maƙwabta ma haka, domin ya zaga ya nuna musu takardar, ba ya so a ce ya sani ya ɓoye.

Na miƙa wa Baffa sabuwar takardar da na bugo. Ya fito da tsohuwar ya jera su a gwiwa, ya tambayi wacce ce kogin. Na ce duka biyun. Ya ce ikon Allah. Ya ɓare ƙwaya ɗaya da farce, ta fito fara da laushi. Irin wannan in ta bushe motsewa take yi, ta kakkarye a injin casa. Kunya ta kama ni har na kasa ba shi haƙuri yadda ya kamata. Na dai ce mu je in yi wa maƙwabtan bayani.

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

“Ke zauna, uwata. Ni zan je, in ce musu ni na karanta ta a juye, kowa ya san ban yi boko ba. Ni tsoho ne, kwana biyu za a yi min dariya a bari. Ke kuwa in aka ce ke ce, ba wanda zai ƙara yarda da lissafinki a garin nan.”

Ina da bakin da zan ce a'a. Na zauna a kan dami, ya tafi shi kaɗai.