Tanti Falmata da ɗakin Iya Gambo

Da safen nan ina ƙoƙarin buɗe ƙofar biro, wato ofishinmu, wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, ƙanwar Tanti Falmata. Ta ce, "Zainabu, ki yi haƙuri, Yaya ta rasu."

Na tsaya da mabuɗi a hannu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu da nake rubutun nan ban shiga ciki ba, ina zaune a dakalin waje.

Mun san tana fama da hawan jini, amma ba wanda ya kawo wannan a ransa.

Ga waɗanda ba su san ta ba: duk hotunan ɗakuna da nake saka muku a nan, kuna tambaya ko a wane gida na ɗauka, ita ta koya mini. Randu muke ce masa. Hoton ɗakin da ba a gina ba tukuna, a haɗa shi a ordinater, wato kwamfuta, mai gida ya gani kafin a aza tubali.

Na zo wajenta ina gama lekol, wato makarantar boko, ban iya komai ba sai ƙarfin hali. Ba ni da ordinater. Ta ba ni tsohuwar tata, ta ce in je da ita gida. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke ana tsakiyar aiki, ni in hau ƙunƙuni, ita kuwa sai ta jawo kwanon fura daga ƙarƙashin tebur ta ce, "Taso mu sha, injin ma ya huta."

Ba ta taɓa yi mini faɗa a gaban wanda ya kawo mana aiki ba. Sai ya tafi tukuna.

Aiki ɗaya ne yake ta dawo mini tun ɗazu.

Wani ɗan kasuwa na unguwar Zango, Alhaji Isufu, ya zo wajenmu ransa a ɓace. Ruwan damina ya rushe ɗakin mahaifiyarsa, Iya Gambo, a cikin Birni. Tsohuwar tana raɓe a gidan 'yan uwa, tari ya kama ta, kuma ta rantse ba za ta koma gidansa ba. Ta ce ita ba za ta ƙarasa kwanakinta a akwatin siminti ba. Ya ce, "Ku zana mata ɗaki mai kyau, ko ta gani ta yarda."

Tanti ta miƙa mini aikin. Na zage, na zuba tayil mai sheƙi, na sa babbar taga ta gilashi, da kujerun da na sauke daga intanet. Haske fari fat ko'ina. Ni a ganina na gama.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Zainabu, wannan ranar ta wane gari ce? Ranar Damagaram ba ta shiga ɗaki haka."

Ta yafa mayafi ta ce mu tafi Birni.

Muka gaida Iya Gambo. Tanti ba ta ko ambaci sabon gini ba. Tsohon ɗakin take ta tambaya: ina tagar take, ta wane gefe hantsi yake shigowa, a ina kike zama. Tsohuwar da aka ce ba ta son magana sai ga ta tana ta ba da labari har da nuni da hannu.

Daga nan muka shiga ɗakin wata maƙwabciya, mai irin wancan ginin na ƙasa. Tanti ta sa na zauna a tabarma, ta ce kar in ɗauki hoto, in kalla kawai. A ranar na fara ganin yadda haske yake faɗowa daga 'yar taga ta sama, ya sauka a daɓe, ya tashi ya shafi bango da ja-ja. Na ga kusurwa ba ta yin baƙi ƙirin, duhunta mai laushi ne. Na girma a irin ɗakin nan, amma ban taɓa lura ba.

Muka dawo muka sake aikin daga farko. Ta sa na rage santsin bango, na bar alamar hannun mai yaɓe. Ta sa na ɗan lanƙwasa bakin tabarma. Matashin fata irin na dukawan garin nan, ta ce in dusashe tsakiyarsa, wurin da gwiwar hannu take dannawa. Kwanonin jere kuma kar duk su yi ƙyalli iri ɗaya. Takan ce, "Abin da ba a taɓa amfani da shi ba, ido ba ya yarda da shi."

Abu ɗaya ta ƙi: Alhaji ya so a ƙara wa hoton haske don ya fi ɗaukar ido. Ta ce, "Alhaji, in na nuna mata abin da ba za ta tarar ba, na yaudare ta. Iyakar hasken da tagar za ta bayar, shi zan sa."

Ranar da muka kai wa Iya Gambo hoton, ta matso da fuskarta kusa da gilashin ordinater, ta sa yatsa a wurin da hantsi ya sauka kan tabarma. Ta ce, "Nan nake zama in ɓare gyaɗa. Wa ya ba ku hoton ɗakina?"

Tanti ta ce, "Iya, ba a gina shi ba tukuna."

Tsohuwar ta share ido da bakin zane. Ta ce, "To ku ce wa Isufu ya gina."

Aka gina shi a bayan gidan Alhaji. Ta tare, tarin ya lafa, tana nan a ciki har yau.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, makon jiya ne. Na je dubiya gidanta, na same ta a tsakar gida tana taje wa autarta Nana kai. Ta rame, amma tana dariya. Na ce akwai masu son a yi musu aiki daga Tirmini suna jira ta warke. Ta ce, "Jiran me? Ki yi musu." Na ce ina tsoro, ban taɓa miƙa aiki ba tare da ta duba ba.

Ta ce, "Ai na daɗe ban gyara miki komai ba, dubawa kawai nake yi don in ji daɗi."

Da zan tafi ta sa aka ƙulle mini kilishi a takarda, ta ce in kai wa Innata. Na ce sai na dawo. Ta ce, "Allah Ya kai mu."

Ban koma ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Falmata, Ka yafe mata kurakuranta. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka ba mijinta da mahaifiyarta haƙuri, Ka raya Nana da yayyenta cikin albarka.

Ku da kuka karanta, don Allah ku sa ta a addu'a, ko ba ku san ta ba. Waɗanda kuma kuke zaune a ɗakunan da ta zana muku, in kun idar da salla a ciki yau, ku ambaci sunanta.