Ba Wanki Yaya Sakina Ta Karanto Ba

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Sakina, kuma har yau mutanen ƙauyenmu, nan kusa da Wad Haddad, cewa suke yi wanki ta je jami'a ta karanto. Ko ranar sadakar bakwai na ji wata tana faɗa, wai an sayar da dawar hawasha, wato gonarmu, an kai yarinya ta koyo haɗa sabulu da rini. Ya jama'a, ba haka ba ne, kuma na gaji da yin shiru.

Ga abin da take yi. Takan zuba ruwan rini a 'yar kwalba, ta ɗiga sabulu kaɗan-kaɗan, ta sa a wata na'ura mai harba haske ta cikin ruwan. Na'urar ke nuna yawan hasken da rinin ya shanye. Da haka ta ga sabulu na rungume rini, ya sauya masa launi, wani lokaci har ya kashe masa kaifi. Ido ya ce rini ya tafi, na'ura ta ce yana nan daram.

Wannan kuwa maganar gidanmu ce. Gwaggo Hajjo, ƙanwar babanmu, ita ke rina wa matan ƙauye tufafi. In ta gama sai ta barbaɗa garin sabulu a sauran ruwan, launi ya dusashe, ta juye a tur'a, magudanar da muke ɗiban ruwan sha. Mu kuma mu ɗebo ruwan mu zuba a randa mu jira ya kwanta. Yaya ta ce laka ce ke kwanciya, rinin da sabulu ya riƙe ba ya sauka.

"Ke Sakina, tun ba a haife ki ba nake wannan," in ji Gwaggo. "Wa ya mutu?"

Yaya ta yi dariya ta bar zancen, don tana da kunya. Ni ba ni da irin tata.

Zazzaɓi ya ɗauke ta kafin ta kammala binciken. Ɗakin gwajin ma, an ce yaƙi bai bar ko kujera a ciki ba. Da za ta dawo yau, da ta tarar rijiyar burtsatsen ƙauyenmu ta lalace, kowa ya koma tur'a, kuma ɗanta Bashir, da ta bari yana rarrafe, daga randar nan yake sha. Ban san abin da rinin ke yi wa cikin yaro ba. Ita ma ba ta kai ga sani ba. Amma rigakafi ya fi magani, kuma ba zan gwada da ɗanta ba.

Ba ta bar digiri ba, ba ta bar na'ura ba. Magana ɗaya ta bari, ni ce kuma na ji ta da kunnena.

Gobe zan haƙa rami a bayan gida, nesa da ruwa, in nuna wa Gwaggo inda za ta riƙa juyewa. In ta ƙi, tukunyar rinin zan ɗauka in kai gaban shehun ƙauye. Ko ta ce ba ni da tarbiyya, na yarda.