Soket Mai Jan Ido a Ɗakin Reno

Duk shekara in sanyi ya shigo, na ga gilashin mota ya daskare da safe, sai in tuna Litinin ɗin da na durƙusa a ɗakin reno na cusa hannu ƙarƙashin tiren shuka. Ranar ba ta fita raina. Ku sababbin shiga da kuke kirana a waya kuna cewa "Mama Ladi, shukata ta ƙi tashi," ku saurara. Ban yi boko ba, 'yata ce take rubuta mini wannan, amma maganar tawa ce, na kuma ce mata kada ta taɓa mini ita.

Ni 'yar Mangu ce. Tun kafin in yi wayo nake cikin kunyar dankalin Turawa da tumatir. Renon jikoki ya kawo ni Lanham a Amurka, da jikoki suka shiga makaranta kuma zama ya ishe ni, na samu aiki a wata gonar cikin gida can gaba da Upper Marlboro. Wiwi ake nomawa, na magani, da lasisin gwamnati. Na daɗe ina ce wa matan zumunta "gonar ganye" nake aiki, har wata ta ce in kawo mata alayyafo. Ranar na faɗa musu gaskiya, aka yi ta tafa hannu, daga baya kowa ya saba.

Ga wanda bai san wurin ba, ba a shiga sai da katin aiki. Ka cire kayan gida, ka sa farar riga da hular raga da safar hannu, ka taka ruwan magani a bakin ƙofa. Kowace shuka da lambarta a wuya, ko mutuwa ta yi sai an rubuta kafin a zubar. Manaja ne a sama, sai shugaban noma, sai mu masu hannu a ƙasa. Shugaban nomanmu Kabiru ne, mutumin Zariya, mai digirin noma. Ina ce masa Oga in akwai mutane, in mu biyu ne ɗana. Ɗakin reno kuwa nan ake ajiye rassan da aka yanko daga uwar shuka har su yi saiwa su yi ƙwari, sannan a kai su babban ɗaki. Ni nake buɗe shi ƙarfe bakwai, ni nake share shi in rufe ƙarfe huɗu. Na ji daɗin ɗakin nan. Iskar fanka, ƙamshin ƙasa mai laima, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa.

A sanyin shekarar aka ƙara kantar jera tukwanen shuka guda ɗaya jikin bangon waje, aka kuma ɗauki Rahila, 'yar Kafanchan, aka ba ta kantar. Tana cikin wata uku na gwaji. In ta wuce, aiki ya zauna, in ba ta wuce ba, sai ta ajiye kati. 'Ya'yanta biyu, kuma wannan ne aikinta na farko a ƙasar nan.

Sati biyu, shukokin kowa sun miƙe, na Rahila suna nan inda aka ajiye su. Gajeru, ganye ƙanana sun sunkuyar da kai, kara ya yi ja-ja kamar ɓawon albasa. Kabiru ya ɗaga tukunya ɗaya ya auna ta a tafin hannu.

"Rahila, wannan ai ta fi tulu nauyi. Sau nawa kike ba su ruwa?"

"Yadda takarda ta ce, Oga."

"Takarda ba ta ce ki yi musu wanka ba."

Ni ma na sa baki, da izzata. Na ce, "'Yata, sabon hannu tausayi ke kashe masa shuka. Saiwa tana son numfashi. Ki sa yatsa, in ƙasa ta kama miki yatsa, ki wuce abinki." Ta ce, "To Mama," idonta ya ciko.

Aka rage ruwa, ba abin da ya canja, ƙasar ma ta ƙi bushewa. Sai Kabiru ya bi sauran abubuwa ɗaya-ɗaya, kuma haka nake so ku riƙa bi. Ya duba fitila, ko ta yi nisa ko ta matso da yawa. Daidai take. Ya tsoma ɗan abin awonsa mai kama da biro cikin ruwa, don in ruwa ya cika tsami ko kanwa, ko taki na nan shuka ba ta iya ci. Ruwan lafiya lau. Ya duba taki, ba a cika ba, bakin ganye bai ƙone ba. Muka juya ganye muka nemi ƙwari, babu. Muka zare ɗaya daga tukunya ko saiwa ta cika ta rasa wurin zuwa, sai muka ga 'yar saiwa tsiraru, ko rabin tukunyar ba ta kai ba. Ma'aunin zafi da ke bango kuma kullum yana cewa ɗaki lafiya.

Ranar Juma'a Kabiru ya ja ni gefe. Ya ce, "Mama, manaja na son rahoton gwajinta Litinin da rana. Kanta ɗaya ce ta lalace, kuma tata ce. Me zan rubuta?"

Na ce, "Ɗana, ka ba ni zuwa Litinin. Shukar da za ta gagare ni ba a haife ta ba."

Ya yi dariya. "Mama, shuka ba a haifarta."

"Kai da digirinka ka sani."

Asabar da Lahadi jan karan nan yana raina. Na san na taɓa ganinsa. A coci, ana tsakiyar waƙa, sai ya faɗo mini: tumatir ɗin mahaifiyata a bakin rafi, shekarar da sanyi ya yi tsanani. Da rana ga hasken rana, amma ƙasa ta kwana da sanyi, sai yabanya ta tsaya cik, kara ya yi ja, ruwan da aka ba ta jiya yana nan kwance. Saiwar da ta ji sanyi ba ta sha.

Litinin na shiga, ban taɓa komai ba, na wuce kantar Rahila na durƙusa na cusa hannu ƙarƙashin tire. Sanyi kamar dutsen rafi. Yatsuna suka taɓa wata baƙar tabarmar roba da ban san da ita ba, da waya a jikinta. Na bi wayar da hannu, ta bayan kanta, ta bayan bokitin shara, har ta kai ni wani dogon soket mai jan maɓalli.

Na zauna daɓas a ƙasa. Na san soket ɗin nan. Rediyonmu a jikinsa yake. Tun ranar da aka kawo soket ɗin, duk yamma in na gama shara sai in ga jan idonsa yana ci, in sa yatsa in kashe. Da safe in kunna don in ji rediyo. Ku da kuka tashi a gida kun san dalili. Wace mace mai hankali za ta fita ta bar soket a kunne, a dawo da wuta da ƙarfi ta ƙone kaya? Firjin maƙwabciyata a Mangu haka ya tafi. Hannuna ne yake yi, ko tunani ba na yi. Ashe tabarmar ɗumi ce da Kabiru ya shimfiɗa saboda sanyin bango. Da rana in ya taɓa, ya ji ɗumi. Mu tashi, ni in kashe. Asabar da Lahadi kuwa kwana biyu cur.

Ba zan ɓoye muku ba, yatsana ya kai kan maɓallin. In na kunna na daina kashewa, shuka za ta farfaɗo, ba wanda zai sani. Amma farfaɗowa sai ta ɗauki kwanaki, rahoto kuwa yau ne. Na janye hannu. Na bar shi a kashe, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran Kabiru.

Da ya zo na ce, "Oga, zo ka taɓa nan."

Ya taɓa. "Subhanallahi! Tabarmar ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Kashe ta ake yi."

"Wa?"

"Ni."

Ya dube ni, ya dubi soket. Rahila ta shigo tana ɗaura hula, ta tsaya. Na faɗa musu duka, ban rage ba. Kabiru ya dafe kai, kafaɗunsa suna rawa, na rasa ko fushi ne, ashe dariya yake dannewa.

"Mama, a Amurka kike yi mana tattalin wuta?"

"Kai kuma da ka shimfiɗa abu, bakinka ciwo yake da ba ka faɗa wa mai shara ba?"

Ya ce wannan gaskiya ne, laifin mu biyu ne. Na juya wurin Rahila na ce, "'Yata, na ce tausayinki ne ya kashe su. Ba ke ba ce. Ki yafe mini." A shekaruna ban saba faɗa wa yarinya haka ba, kalmar ta yi mini nauyi a baki. Ta rungume ni tana kuka, har hularta ta faɗi, Kabiru ya ce ta je ta sake wata, doka doka ce.

Mu biyu muka je wurin manaja. Aka rubuta mini takardar gargaɗi, ita kaɗai na taɓa samu a wurin, Kabiru ya karanta mini na sa hannu. Shi ma ya rubuta nasa sakacin. Aka zubar da shukokin da suka yi nisa, aka bar ƙasar sauran ta sha iska ba ruwa ba ƙarin taki. Bayan kwana biyar sabon ganye ya leƙo kore shar. Sun makara zuwa babban ɗaki, amma sun je. Rahila ta wuce gwaji. Yanzu ita ce mai ɗakin reno, ni gwiwa ta zaunar da ni a gida.

To ga abin da nake so ku riƙe. Shukar da ta tsaya, kada ku yi saurin ƙara mata ruwa ko taki, yawanci ƙari ne yake ƙarasa ta. Ku bi abubuwa ɗaya-ɗaya, ku canja abu guda ku jira. Ku taɓa ƙasan tukunya da sassafe, don ma'aunin bango iska yake ji, ba ya jin saiwa. Kuma in kanta ta lalace, kowa sabon hannu yake kallo. Kafin ku rubuta sunan wata, ku tambayi kanku me hannunku yake yi a ɗakin nan kullum ba tare da ya gaya muku ba.