Rigar Kwamfutar Makarantarmu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a wata sakandare da ke gefen Ajingi, ina kwana a Gaya ina zuwa a kan babur. A shekara ta tara aka ɗora mini aikin jarrabawa, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don ranar da aka raba ayyuka ina gida da zazzaɓi.

Aikin ya zo da kwamfuta. Ta tebur ce, irin mai akwati a tsaye, wani ɗan garin da ya yi arziki ya ba makarantar kyauta. Tun ranar da aka sauke ta shugaban makarantarmu ya kafa doka biyu: ba ta fita daga ofis, kuma ba a cire mata leda. Wanda ya san mutanenmu ba zai yi mamaki ba. Mu ne muke sayen sabon babur mu yi wata shida da kwali a jikin tanki, mu ne muke barin leda a kujerar mota har sai ta yage don kanta. Sai dai shi Firinsifal ya wuce nan. Da ledar ta fara tsufa, ya kira tela ya auna akwatin, aka ɗinko masa riga ta yadi mai kauri, ruwan toka, har da aiki a wuya. Aka zura ta a kan ledar. Kafa biyu kawai aka bari, ɗaya ta maɓallin kunnawa, ɗaya ta wayoyi.

"Kayan al'umma ne," in ji shi. "Ranar da mai kyautar ya zo, ya same ta yadda ya kawo ta."

Mai kyautar bai taɓa dawowa ba.

A zangon da nake ba da labari, hukumar jarrabawa ta ce a shigar da makin ɗaliban ajin ƙarshe a shafinta kafin yammacin Juma'a. Wanda ba a shigar da nasa ba, ba zai zauna jarrabawar fita ba sai baɗi. Kuma na san 'yan ajin nan ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu idan aka ce baɗi, an ce har abada ke nan, gona za ta ɗauke wasu, kasuwa ta ɗauke sauran.

Ranar Litinin na fara. Minti ashirin da kunnawa, kwamfuta ta ɗauki gurnani, ta yi nauyi, ta mutu. Na jira ta huta, na sake kunnawa, ta ba ni minti goma sha biyar. Kafin a tashi na shigar da mutum tara.

A ɗakin malamai aka zauna a kan maganar, kuma ɗakin malamai bai taɓa rasa amsa ba. Mutanen da ba su san inda ake kashe ta ba duk suka zama likitocinta. Aka yi ittifaƙi cewa furosesa ce ta tsufa, wato ɗan ƙarfen nan mai faɗin akwatin ashana da yake yi wa kwamfuta tunani. Aka kuma yi ittifaƙi cewa mai babbar lamba ake saye. Firinsifal ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce shawara ce mai kyau, za a kafa kwamiti.

"Ranka ya daɗe, Juma'a fa za a rufe."

"To, Malam, idan kana da hali ka fara, makaranta ba za ta manta ba."

Da yamma na tsaya wurin wani mai gyara a Gaya, dattijo ne da ya fara da rediyo tun ana sa mata batir shida, zamani ya tura shi har kan kwamfuta. Na ce masa furosesa nake so, wadda ta fi kowacce.

"Ina mara lafiyar?" ya ce.

"Ba ta fita."

"Takaba take yi?"

Na ce doka ce. Ya tambaye ni wace iri ce a ciki yanzu, na ce ban sani ba. Ya tambayi lambar allon da furosesar take zaune a kai a cikin akwatin, na ce ban taɓa ganin cikin kwamfutar ba, ko wajenta ma ban taɓa gani sosai ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, kai da kake koyar da yara, in wani ya zo ya ce ka ba shi makin ɗansa amma ba zai kawo ɗan ba, ba zai faɗi ajinsa ba, me za ka ce masa?"

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa, kuma a gaban masu jiran cajin waya. Na ce masa in ba ya da ita ya faɗa kawai. Washegari na sayar da buhun gyaɗata ɗaya, na hau motar Kano, na shiga kasuwar kayan kwamfuta, na ce a ba ni mai babbar lamba. Can ba wanda ya tambaye ni ina mara lafiya. Suka naɗe mini ita a takarda suna ce mini Injiniya.

Ranar Laraba ta tafi a banza, don na rasa ta inda zan fara, kuma Firinsifal yana zaune a ofis yana kallon hannuna duk lokacin da ya kusanci rigar. Ranar Alhamis Allah ya kawo taro a hedikwata, ya tafi tun safe. Na koma Gaya, na haɗiye girman kaina, na ɗauko dattijon nan a bayan babur.

Da ya shiga ofis ya ga akwatin, sai ya tsaya ya yi sallama.

"Ashe Alhaji ne a ciki. Ba ku ɗinka masa hula ba?"

Ya ce in kunna. Muka jira har ta fara gurnaninta. Ya kama hannuna ya ɗora a kan rigar, na janye da sauri, kamar na taɓa murfin tukunya. Ya kashe, ya tuɓe rigar, ya yage ledar. Ta bayan akwatin ledar ta narke ta manne a kan ramukan da iska take fita, ta toshe su ruf. Da ya kwance murfin, muka tarar zanzaro ya bi ta kafar wayoyi ya gina gidansa na laka a jikin fankar, ɗaki uku, ya zauna lafiya, ga ɗumi ga tsaro.

A nan ne na ji abin da har yau in na tuna sai na ji zafi a wuyana. Babin zafi da yadda yake tafiya, ni nake koyar da shi. Kowace shekara sai na zana wa yara a allo cewa abu mai aiki yana fitar da zafi, in aka rufe shi zafin ba ya da hanya. Na sha cire wa yaro maki biyu don ya manta wannan. Shekara biyu ina zaune gaban akwati mai riga biyu a watan bazara, ban taɓa haɗa darasin da abin da ke gabana ba, saboda kawai na saba ganin abu mai daraja a lulluɓe.

Dattijon ya kankare laka, ya busa fankar, ya ɗaga tsohuwar furosesar ya goge ta, ya shafa mata wani farin mai kamar man goge baki, ya mayar. Sannan ya ce in kawo sabuwar ya gani. Ya juya ta, ya kara ta a gurbin, ko kusa ba ta shiga ba.

"Mai kyau ce," ya ce. "Ta wani gidan ce. Ba lamba ake fara dubawa ba, Malam, allo ake tambaya wace zai karɓa. Kuma ba a canja ta don na'ura tana mutuwa. Sai ka ga tana shan iska, ba ta zafi, amma aikin da kake ba ta ya fi ƙarfinta. Kai me kake ba ta? Sunaye da maki. Wannan ko kakarta za ta iya."

Muka kunna ta tsirara. Ta yi shiru kamar ba ita ba. Na zauna tun kafin azahar har la'asar sakaliya, na dawo da sassafe ranar Juma'a, kafin a yi kiran sallar Juma'a na farko na shigar da sunan ƙarshe. Na bi jerin sau biyu da yatsa. Ba wanda ya rage.

Ranar Litinin a wurin taron safe, Firinsifal ya tsaya gaban ɗalibai ya sanar cewa saboda hangen nesan hukumar makaranta an sanya wa kwamfuta sabuwar ƙwaƙwalwa mai babbar lamba, shi ya sa aka gama a kan lokaci. Aka tafa. Ina tsaye a bayansa, sabuwar ƙwaƙwalwar tana cikin aljihun teburina a naɗe a takardarta, inda take har na bar makarantar.

Da muka koma ofis ya ga akwatin a tuɓe, fuskarsa ta canja.

"Malam, ina rigar?"

Na yi masa bayanin zafi, da zane a bayan takarda, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ya fahimta sarai, amma yanzu da aka sa sabuwa mai ƙarfi ai za ta iya jurewa.

Na ce masa rigar tana wurin wanki. Duk sanda ya tambaya haka nake cewa, har aka yi masa canjin wurin aiki. A gaskiya tana Gaya, a kan keken ɗinkin matata, kuma ta zauna masa daidai.