Ranar da Matan Zumunta Suka Raba Mana Abinci

Na bar gidana a garin Clinton na Amurka ba sallama, ranar da matata ta tsinci kwalbar giya a jakar makarantar 'yarmu. Ni na ɓoye ta a ciki. Ba ta yi faɗa ba, ajiye kwalbar kawai ta yi a kan tebur, ni kuwa na ɗauki rigar sanyi na fita. Wata huɗu ina kwana inda ta faɗi, kafin wani ɗan sanda ya nuna mini gidan mishan na marasa wurin kwana a cikin Washington.

Gidan yana da tsarin shekara guda don maza masu son barin shaye-shaye. A tashe ka da asuba, addu'a, karatun Littafi Mai Tsarki, sai aiki. Su gwada fitsarinka duk ranar da suka ga dama. Ka fita ba izini, gadonka ya zama na wani. Faston da ke kula da mu baƙar fatan Amurka ne, shi ma tsohon mashayi, ba ya ɗaukar wargi. Ni a kicin aka sa ni, wankin tukwane. Mutumin da ya yi shekara tara yana jinyar tsofaffi a Germantown, ga shi yana kankare ƙanzo. Ba ni da bakin ƙorafi, ƙwayoyin ciwon baya da giya ne suka kai ni.

Abu ɗaya nake so a duniya: matata ta san ina raye, kuma na daina sha. Faston ya ce ga waya nan, in kira ta. Na ce masa ba haka ake yi ba. A wurinmu wanda ya yi irin wannan abin kunya ba ya zuwa da kansa, manya ne suke shiga gaba su nema masa gafara. Ya ce to ina manyan? Sau uku na ɗaga wayar nan ina ajiyewa.

A wata na uku, wata Asabar da rana, ina cikin kumfa har gwiwar hannu, sai na ji waƙar Hausa a ɗakin cin abinci. Na leƙa. Matan zumunta ne na cocinmu, su bakwai, cikin zanensu iri ɗaya, sun zo aikin sa kai da kuloli na shinkafa dafa-duka. Shugabarsu ce a gaba, dattijuwar da kowa ke kira Mama. Ita ta yi wa matata wankan jego a ƙasar nan.

Na dubi ƙofar baya, na san in na buɗe ta wata uku sun tashi a banza. Ina tsaye sai wani tunani ya zo mini: ai ga manyan nan, Allah ya kawo su har inda nake. Na wanke hannu, na ɗauki faranti, na shiga layi. Na shirya durƙusawa a gabanta, ta zage ni son ranta, ta kai labari gida.

Da na iso gabanta ta ɗago. Ta gane ni, na ga yadda cokalin ya tsaya a hannunta. Na buɗe baki zan ce ina wuni, sai ta mayar da ido kan kula, ta zuba mini shinkafa, ta ce mini Allah ya sa albarka da Turanci, yadda ta ce wa na gabana. Ta kusa da ita ta ɗora mini kaza ba ta kalle ni ba. Haka na bi su bakwai, babu wadda ta ce mini ko sannu. Na zauna na cinye abincin tas, ina jin haushin kaina da nake jin daɗinsa.

Duk da haka na sa rai. Mata bakwai, na ce, ai kafin su hau babbar hanya labari ya isa Clinton. Kullum ina tambayar mai gadin ƙofa ko wani ya neme ni, har ya fara girgiza kai tun daga nesa. Da sati shida suka wuce na yanke wa kaina hukunci: matata ta ji, ba ta so. Ban ƙara kallon wayar ba. Na gama shekarata, aka ba ni takardar kammalawa a gaban maza, ba nawa ko ɗaya a wurin.

Da na fito na je Clinton, na tarar da wasu mutane a gidanmu. Maƙwabci ya ce matata ta kwashe yara ta koma wurin wanta a wata jiha. Takardun rabuwa sun same ni daga baya, na sa hannu.

Bayan shekara biyar na haɗu da Mama a zaman makoki a Fort Washington. Ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna, tana murna da yadda na murmure.

"Ɗana, ranar nan zuciyata ta karye," ta ce. "Tun a mota na tara su, na ce duk wadda ta furta abin da muka gani, ni da ita. Ko matarka ba mu gaya wa ba. Lokacin baiwar Allah tana ta bin asibitoci da ɗakunan ajiye gawa da hotonka, har ni na raka ta sau biyu. Amma ina zan iya ce mata mijinki na layin abinci? Mun rufa maka asiri."

Na tambaye ta har yaushe matata ta yi ta nema. Ta ce har ƙarshen bazara, sannan ta haƙura. Lokacin ina tsakiyar wata na bakwai, ban sha ko ɗigo ba.

Mama tana kallona tana jira. Mutane na wucewa ta gefenmu da kujeru. Na durƙusa, na ce, "Na gode, Mama."